Ba Hauka Ne Ya Yi Wa Van Gogh Zane Ba

Akwai wata ɗabi'a da ta game 'yan Adam, ko a wace nahiya suke, ko wane addini suke bi, watau idan suka ga mutum ya gawurta a wata sana'a har ya kai inda tsararrakinsa suka kasa kaiwa, maimakon su tsaya su ƙirga shekarun da ya yi yana ɗawainiya a lokacin da ba wanda ya san da zamansa, sai su nemo wa al'amarin wani sababi na ɓoye wanda zai hutar da su daga tuhumar kansu. A wajenmu akan ce makaɗi kaza da aljanu yake tafe, ko ɗan dambe kaza an dafa shi tun yana goye. Turawa kuwa, da yake suna ganin sun wuce zancen aljanu, sai suka koma ga hauka. Kuma a cikin dukan waɗanda suka jingina wa wannan sababi babu wanda ya fi cutuwa kamar Vincent van Gogh, mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, wanda a yau ake buga ayyukansa a kan kalanda da kofin shayi da bangon littattafai, amma in aka ambaci sunansa abin da ke fara zuwa bakin jama'a shi ne kunnen da ya yanke. Ra'ayina shi ne an zalunci mutumin nan a cikin yabon da ake yi masa, kuma tare da shi an tauye haƙƙin wasu mutum biyu waɗanda in ba don su ba da ko sunansa ba mu ji ba.

An haife shi ran 30 ga Maris 1853 a wani ƙauye da ake kira Zundert, a kudancin Holan kusa da iyakar Beljiyam. Ubansa limamin coci ne, 'yan'uwan uban kuwa uku daga cikinsu dillalan zane-zane ne, saboda haka gidan nasu tsakanin wa'azi da ciniki yake, shi kuwa yaron sai da ya gwada duka biyun ya faɗi kafin ya gane inda rabonsa yake. Yana da shekara 16 aka sa shi aiki a kamfanin Goupil mai sayar da zane-zane, ya zauna a reshensu na birnin Hague, aka kai shi Landan a 1873, daga can Paris, a 1876 suka sallame shi. Ya koyar da yara a wata ƙaramar makaranta a Ingila, ya tsare kantin littattafai a Dordrecht, ya tafi Amsterdam don shirin jarrabawar shiga karatun addini, bai kai ga jarrabawar ba ya bari. Daga ƙarshe, a farkon 1879, aka ba shi gwajin wa'azi a Borinage, yankin mahaƙan kwal na Beljiyam, inda talauci ya kai matuƙa. Shi kuwa da ya ga halin da mutanen ke ciki sai ya rabar da tufafinsa, ya bar masaukinsa ya koma wata bukka yana kwana a kan ciyawa, yana jinyar waɗanda suka ji rauni a ramin haƙa, har shugabannin da suka aike shi suka ga wannan zuhudu nasa ya zarce abin da ya dace da martabar aikin, suka ƙi sabunta masa bayan wata shida. To, ga mutum ɗan shekara 26, ba sana'a, ba iyali, ba abin hannu, dangi sun fara gajiya da shi.

A 1880, yana da shekara 27, ya ƙudura niyyar zama mai zane, kuma daga nan ne masu ba da labarinsa suka saba yin tsalle su dira a gonakin alkama na kudancin Faransa, alhali kuwa shekaru takwas ɗin da suke tsallakewa su ne jigon al'amarin duka. Wanda ya dubi zane-zanensa na farko ba zai ga wata alamar baiwa mai ban mamaki ba: hannaye a sandare, ƙafafu ba su taka ƙasa sosai ba, jiki bai dace da kai ba. Shi ma ya san haka, shi ya sa ya samo darussan koyon zane na wani Bafaranshe mai suna Charles Bargue, ya zauna yana kwafarsu shafi bayan shafi da gawayi, in ya kai ƙarshe ya komo farko, kamar yadda almajiri ke wanke allo ya sake rubuta abin da ya rubuta jiya har sai ya zauna masa. Ya kwafi ayyukan Millet, mai zanen manoma, wanda ya riƙa a matsayin shehinsa har ya mutu ko da yake ba su taɓa haɗuwa ba. Ya yi ɗan zama a hannun Anton Mauve, mijin wata 'yar'uwarsa, wanda ya koya masa riƙon buroshi da haɗa fenti kafin su ɓata. Ya sa aka ƙera masa wani firam mai zare a gicciye wanda yake leƙawa ta cikinsa don ya koyi auna nisa da kusa. Wannan duka aikin mai neman ilmi ne wanda ya san inda naƙasarsa take, yana kuma bin ta da magani bisa tartibi.

A ƙauyen Nuenen, inda ya koma wurin iyayensa a ƙarshen 1883, ya yi ta zanen masaƙa a kan kayan saƙarsu da manoma a gonakinsu, kuma da ya yi nufin yin babban aikinsa na farko bai taɓa shi ba sai da ya shafe hunturu guda yana zana kawunan ƙauyawa da hannayensu, gommai a kan gommai. A 1885 ya gama zanen nan na masu cin dankali: mutum biyar a wani ɗaki mai duhu, sun kewaye akushi ɗaya a ƙarƙashin fitila, fuskokinsu kaushi, yatsunsu masu gaɓoɓi, launin zanen duka kamar na ƙasar da suka tono abincin daga cikinta. Da gangan ya ƙi ƙawata su, domin nufinsa a ga cewa hannun da ke shiga akushin shi ne ya yi noman. Abokinsa Anthon van Rappard ya kushe aikin da kakkausan harshe, har zumuncinsu ya yi rauni a kan haka, kuma bisa adalci akwai gaskiya a wasu kurakuran da ya nuna. Sai dai mutumin da ya tanadi gommai na gwaji kafin ya fara aiki guda, kowane suna za a ba shi, ba za a ce ilhami ne ya fisge shi ba.

Na san cewa a cikin masu karatu akwai wanda zai ce, ina ruwan Musulmi da mai zana surar abu mai rai? Hukuncin wannan mas'ala da saɓanin da ke cikinta na malamai ne, kuma ba fatawa na zauna bayarwa ba. Illa iyaka kaso mai yawa na abin da mutumin nan ya bari gonaki ne da itatuwan zaitun da furanni da sararin sama da tsofaffin takalma da kujera, sa'an nan abin da nake magana a kansa, watau matsayin himma a cikin gwaninta, ya shafi mai zayyanar Alƙur'ani da mai ɗinkin hula da magini daidai da yadda ya shafi mai buroshi.

A farkon 1886 ya isa Paris ya sauka wurin ƙanensa Theo, wanda yake dillalin zane-zane ne a can, nan kuwa ya tarar duniyar ta riga ta sauya ba da saninsa ba. Monet da Pissarro da jama'arsu sun yi shekaru suna fita fili suna kama haske yadda yake sauka a kan ruwa da ganye a sa'a guda, da launuka masu haske, Seurat da Signac kuma sun zo da nasu tafarki na ɗiga launi ɗigo-ɗigo. Wanda ya zo daga arewa da fentinsa mai launin ƙasa, yana da shekara 33, sai ya sake zama ɗalibi. Tun a Holan ya karanta abin da Charles Blanc ya rubuta a kan ƙa'idar launuka, ya kuma yi nazarin yadda Delacroix ya yi aiki da ita, ƙa'idar kuwa ita ce kowane launi yana da abokin hamayya wanda in aka jera su kusa sai kowannensu ya ƙara ƙarfi: ja da kore, shuɗi da ruwan lemo, rawaya da shunayya. Don ya gwada wannan ba tare da ɓarnar fenti mai tsada ba, sai ya tanadi wani ɗan akwati ya cika shi da ƙulle-ƙullen zaren ulu launi-launi, yana murɗa wannan da wancan yana duba yadda suke zama tare, akwatin nan kuwa yana nan har yau a Amsterdam. Ya tara ɗaruruwan hotunan bugun katako na Japan masu arha, ya kwafi wasu da fenti, daga gare su ya koyi shimfiɗa launi ɗaya a fili mai faɗi da kewaye abu da layi mai kauri. Hatta hotunan fuskarsa da ya zana fiye da 35, waɗanda masu sharhi ke karanta wa alamun ciwon rai iri-iri, mafi yawansu a Paris ya yi su, babban dalilinsu kuwa rashin kuɗin biyan wanda zai zauna a zana shi, ga madubi kuma ba ya karɓar lada.

Abin da duniya ta sani da sunan salon Van Gogh a garin Arles ya nuna, a kudancin Faransa, inda ya sauka a Fabrairu 1888. A cikin wata 15 ya yi zanen fenti wajen 200, ban da na alƙalami: gonakin 'ya'yan itace suna fure, girbin alkama, jiragen masunta, furannin nan masu bin rana a cikin tulu, gidan shan gahawa da dare, ɗakin kwanansa, da Joseph Roulin ma'aikacin gidan waya da matarsa da 'ya'yansa. Wannan sauri shi ne babbar hujjar masu da'awar hauka, domin a ganinsu mai hankali ba ya gama zane a wuni guda. Amma shi da kansa ya amsa wannan tuhuma tun yana raye, ya bayyana wa Theo cewa abin da ake gani an yi da gaggawa an daɗe da lissafa shi, kuma wasiƙunsa sun gaskata shi, domin sau da yawa yakan zana ɗan taƙaitaccen hoton aikin a cikin wasiƙa, ya rubuta launin da ya sa a kowane wuri da dalilin sa shi. Gidan gahawar nan ya gina shi a kan karon ja da kore don mai kallo ya ji ƙuncin wurin da mutum kan lalace a ciki; ɗakin kwanan kuwa ya zaɓa masa launuka don ya ba da natsuwa. In iskar yankin mai ƙarfi ta taso, sai ya kafa turaku ya ɗaure abin da yake jingina zanen a kai ya ci gaba da aiki. Saurin hannun nan ribar shekara takwas ce ta maimaici, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a kan gwanin kowace sana'a ya san yadda abu mai wuya kan yi kama da wasa a hannunsa.

Ba na musun ciwon, kuma ba na nufin in mai da mutumin waliyyi. Mai zafin rai ne, mai jayayya, mai wuyar zama, ya sha giya fiye da kima, ya yi sakaci da abinci, ya kuma wahalar da kusan duk wanda ya ƙaunace shi. Burinsa a Arles ya kafa wata zawiya ta masu zane a gidan nan mai rawayan fenti da ya kama haya, Paul Gauguin kaɗai ya amsa kira, shi ma don Theo ya ɗauki nauyinsa. Ya iso ran 23 ga Oktoba 1888, suka yi mako tara suna aiki suna gardama, Gauguin yana cewa a zana daga abin da ke cikin ƙwaƙwalwa, shi kuwa yana cewa sai abin da ido ke gani. Daren 23 ga Disamba ciwon ya buge shi, ya yanke kunnensa na hagu da aska. Bayan wata biyu maƙwabta wajen 30 suka sa hannu a takardar ƙara suna neman a tsare shi, a watan Mayu 1889 kuwa shi da kansa ya nemi a karɓe shi a asibitin masu taɓin hankali na Saint-Rémy, inda likitocin suka ɗauki abin a matsayin wani nau'i na farfaɗiya.

To, a nan ne hujjar masu da'awar ke rushewa, domin shekarar da ya yi a asibitin a rubuce take kusan mako-mako. Ciwon zuwa yake yi ya tafi. In ya zo, kamar yadda ya zo a tsakiyar 1889 ya yi makonni, ya kuma dawo a Fabrairu 1890 ya yi wajen wata biyu, mutumin ba ya iya aikin kirki, wasiƙunsa kan yanke, har akan ɗauke masa fenti saboda ya taɓa ƙoƙarin haɗiye shi. In ya tafi, sai ya tashi da hankalinsa garau ya koma bakin aiki, kuma a irin waɗannan tsakankanin ne ya yi zane wajen 150, ciki har da na daren nan mai taurari da ya yi a Yuni 1889, wanda a yau ake nunawa a matsayin hoton ƙwaƙwalwar da ta rikice, alhali shi mai aikin bai ma ɗauke shi a cikin ayyukansa na gaba-gaba ba. Lokacin da ba ya iya fita, sai ya koma ga shehunansa, ya ɗauko hotunan Millet da Delacroix da Rembrandt na baƙi da fari yana sake su da launi, watau mutumin da ake cewa ya ɓalle daga kowace ƙa'ida ya ƙare yana muraja'ar darasinsa na farko. Iyakar abin da za a ba ciwon shi ne ya tsare shi a wuri ɗaya, ya iyakance masa abin da zai kalla, ya kuma sa shi gaggawar wanda ya san lokacinsa ƙanƙane ne. Abin da ya ƙwace masa ya fi haka nesa ba kusa ba: watanni na aiki, da amincin maƙwabta, daga ƙarshe da ransa.

Illar wannan tatsuniya ba a kan matacce kaɗai ta tsaya ba. Tana koya wa saurayi mai sha'awar fasaha cewa rikicewa da shaye-shaye su ne ƙofar gwaninta, tana kuma mai da ciwon marar lafiya abin kallo, har a riƙa jin kamar da an warkar da shi da an yi hasara, wanda kuwa magana ce da shi kansa, da yake ya nemi magani da ƙafarsa, ba zai yarda da ita ba.

Mutum na farko a cikin biyun da na ce an tauye shi ne Theo, wanda Vincent ya girma da shekara huɗu. Shekara goma cur yana aika wa wansa kuɗi daga albashinsa, galibi wajen faran 150 a wata, ban da fenti da ƙyallen zane da yake saya ya aika. Don a gane nauyin wannan, Roulin ma'aikacin gidan waya da faran 135 yake riƙe da mata da 'ya'ya. Ashe ke nan yunwar da ake ba da labari ba ta rashin mai taimako ba ce, ta mutumin da ke zuba abin da ya samu a fenti ne ya bar cikinsa da burodi da gahawa. Daga 1884 suka daidaita a kan cewa kuɗin nan tamkar farashin ayyukan ne da yake aikawa Paris, don kada wa ya ji yana cin sadakar ƙane, kuma ina ganin a cikin wannan dabara akwai ladabin zumunci da ya fi kuɗin kansa daraja. Haka nan zancen cewa duniya ta yi biris da shi har ya mutu yana bukatar gyara. A Janairu 1890 wani mai sharhi, Albert Aurier, ya rubuta doguwar maƙalar yabo a kansa a Paris. A Brussels wata mai zane, Anna Boch, ta sayi zanensa na jar gonar inabi a kan faran 400. A baje kolin masu zaman kansu na watan Maris an rataye ayyukansa goma, Monet kansa ya yaba. Mutumin da salonsa bai fi shekara biyu da nuna ba, a ce har ya fara samun wannan, ba a makara da shi ba ƙwarai; shi ne bai daɗe ba. Ya koma ƙauyen Auvers kusa da Paris a Mayu 1890 ƙarƙashin kulawar Likita Gachet, ya yi zane fiye da 70 a cikin kwana 70, ran 27 ga Yuli ya harbi kansa, ya cika ran 29 yana da shekara 37, Theo na gefensa. Aikin da ya aikata babba ne, hisabin marar lafiya kuwa ba a hannunmu yake ba. Theo bai ƙara wata shida cikakku ba, ya rasu ran 25 ga Janairu 1891 yana da shekara 33.

Kafin in zo ga ta biyu, ya kamata a dubi abin da masu zane suka ɗauka daga gare shi, domin a nan ma akwai dalili. A 1901 aka baje ayyukansa a wani kanti a Paris, samari irin su Vlaminck da Derain da Matisse suka gani, bayan shekara huɗu suka fito da zane-zane masu jan itace da koriyar fuska har wani mai sharhi ya kira su namun daji. A Jamus dillali Paul Cassirer ya yi ta nuna shi a Berlin, samarin Dresden su Kirchner, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1905, suka ɗora a kan abin da suka gani, a baje kolin Cologne na 1912 kuwa ayyukansa sun haura 100. A Landan, a 1910, Roger Fry ya haɗa shi da Cézanne da Gauguin a nuni guda, ya ba su laƙabin waɗanda suka zo bayan jama'ar Monet, laƙabin da ya bi su har yau ko da yake su ukun ba mazhaba ɗaya suke ba. Abin da waɗannan duka suka gada abu biyu ne. Na ɗaya, cewa launi ba dole ne ya yi biyayya ga kamannin abu ba, yana iya ɗaukar abin da mai zane ke ji game da abin, musamman a zamanin da na'urar ɗaukar hoto ta riga ta karɓe aikin kwaikwayon kama. Na biyu, cewa sawun buroshi, wanda magabata ke gogewa don kada a gani, ana iya barinsa da kaurinsa da karkatarsa ya zama yana cikin maganar. Waɗannan usuli ne da ake koyarwa, ake karɓa daga malami zuwa ɗalibi, kuma Matisse, wanda ya rayu shekara 84 cikin tsari da kamun kai, ya amfana da su ba tare da ya ari ko ƙwayar ciwon ba. Da ciwon ne asalin aikin, da ya shiga kabari tare da mai shi.

Ta biyun ita ce Johanna Bonger, matar Theo, wadda aurensu bai cika shekara biyu ba ta zama gwauruwa tana da shekara 28, da jariri a hannu wanda aka sa wa sunan Vincent, da ɗaruruwan zane-zane waɗanda kasuwa ba ta san da su ba, da tarin wasiƙu a cikin aljihun kabad. Malamar Ingilishi ce, ba ta da wani matsayi a cikin masana zane, kuma da yawansu sun ɗauke ta mace mai zumuɗi a kan abin da ba ta fahimta ba. Ta koma Holan ta buɗe gidan saukar baƙi a garin Bussum, tana fassarar littattafai don ƙarin abin masarufi, daga nan kuma ta shiga aikin da ta yi shekara 34 tana yi: tana ba da aron ayyukan ga masu baje koli, tana bin masu sharhi irin su Jan Veth har suka sauko daga ƙyamarsu, tana sayarwa kaɗan-kaɗan ga inda za a gani, tana riƙe mafi yawa. A 1905 ta shirya nuni a babban gidan zane-zane na birnin Amsterdam mai ɗauke da ayyuka fiye da 450. Wasiƙun kuwa, da yake da yawansu ba su da kwanan wata, ta yi shekaru tana jera su, ba ta buga su ba sai 1914, a mujalladi uku, kuma ta bayyana cewa jinkirin da gangan ne, domin a ganinta rashin adalci ne a ja hankalin mutane ga rayuwar mutumin kafin su san aikin da ya ba da rayuwar dominsa. A wannan shekara ta sa aka ɗauko ƙasusuwan mijinta daga Utrecht aka binne kusa da wansa a Auvers. A 1924, shekara guda kafin rasuwarta, ta yarda ta sayar wa Landan ɗaya daga cikin zanen furannin nan da ta fi so.

Abin da ta ji tsoro kuwa shi ya faru, ko da yake ta jinkirta shi. Daga wasiƙun nan ne Irving Stone, marubuci Ba'amurke, ya gina littafin ƙagaggen labari a 1934, aka mai da shi fim a 1956 da Kirk Douglas, kuma tun daga nan jama'a suka fi sanin mutumin fim fiye da mutumin da ya yi aikin. Kasuwa ma ta ga riba a cikin labarin, domin baƙin ciki yana ƙara wa kaya farashi. A 1987 wani kamfanin inshora na Japan ya sayi ɗaya daga cikin furannin a kan kusan dala miliyan 40, a 1990 kuma wani attajiri ɗan Japan, Ryoei Saito, ya sayi hoton Likita Gachet a gwanjo a New York a kan dala miliyan 82.5, ya kulle shi a ma'aji, kuma tun daga lokacin ba a sake rataye shi a bainar jama'a ba. Ɗan Johanna kuwa, wanda ya zama injiniya, da yana so da ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran Turai. Maimakon haka a 1962 ya daidaita da gwamnatin Holan aka mayar da gadon hannun wata gidauniya don kada ya warwatse, a 1973 aka buɗe gidan da ke ɗauke da sunan Van Gogh a Amsterdam, da zanen fenti wajen 200 da na alƙalami wajen 500.

Wasiƙun da ya rubuta waɗanda suka tsira sun haura 800, wajen 650 daga ciki zuwa ga Theo, wasu da harshen Holan, wasu da Faransanci, kaɗan da Ingilishi. A 2009, bayan aikin tahƙiƙi na shekara 15, aka fitar da su duka da sharhi, aka kuma sa su a intanet kyauta. Wanda ya buɗe su yana neman sambatun mahaukaci zai tarar da shafi bayan shafi na odar fenti da adadin kowane launi, da lissafin kuɗin haya, da ra'ayinsa a kan littattafan Dickens da Zola da Shakespeare, da bayanin abin da ya zana jiya da inda yake ganin bai yi daidai ba.